Filin Tambaya da Amsa: Warin Takalmi da Lissafin XOR

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan fitowa, kuma duk a kan wata 'yar alama guda suke, mai kama da jinkar bukka: ^. Masu rubuta manhaja suna kiran aikinta XOR. Wasiƙar farko ce za ta ci mana wuri, domin in aka gane ta, sauran sun zo da sauƙi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ina zaune a Agege, wata bakwai ke nan ina koyon Python, harshen rubuta manhaja, da daddare bayan na taso daga shagon yayana. Ina shirin intabiyu a wani kamfani a Yaba. Cikin tambayoyin da nake gwaji da su akwai wannan: an ba ka jerin lambobi, kowace lamba ta zo sau biyu, sai guda ɗaya tak da ta zo sau ɗaya, ka nemo ta. Na warware ta da zagaye biyu, ɗaya a cikin ɗaya, amma da aka gwada da dogon jeri sai aka ce lokaci ya ƙure. Na ga wani ya yi ta da layi huɗu da alamar ^. Na kwafa, ta yi aiki, amma wallahi ban san dalili ba. In haddace kawai in tafi? Daga ƙaninka a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi wa ƙoƙarinka albarka. Wanda ya wuni a shago kuma ya zauna gaban kwamfuta da daddare, ya cancanci a zauna a yi masa bayani a tsanake. Kada ka haddace. Zan faɗa maka dalili a ƙarshen amsar, amma fara ɗauko takarda da biro.

Ka san ƙofar masallaci ranar Juma'a bayan an watse. Kowa ya zo da takalmi ƙafa biyu, kowa ya tafi da ƙafa biyu, sai ka ga wari guda a yashe gefen tabarma. Tambayarka ke nan. Abin da ka yi da zagaye biyu shi ne ka ɗauki kowace ƙafa ka bi sauran takalman duka kana neman 'yar'uwarta. Hanyar daidai take, tsada ce da ita. In lambobin 100,000 ne, ko da kowace lamba ka gwada ta da waɗanda ke bayanta kawai, kana iya kaiwa kusan gwaji biliyan 5. Shi ya sa lokaci ya ƙure maka.

Kafin XOR, sai mun tuna yadda kwamfuta ke riƙe lamba. Ita sifili da ɗaya kawai ta sani. Ka zana ƙwan lantarki huɗu a jere, ka rubuta musu daraja daga hagu: 8, 4, 2, 1. Ƙwan da ke kunne shi ne 1, wanda ke kashe shi ne 0. Lamba 6 ita ce 4 da 2, saboda haka 0110. Lamba 9 ita ce 8 da 1, wato 1001. Lamba 4 kuwa 0100. Kowane gurbi ɗaya daga cikin waɗannan shi ake kira bit.

XOR tana duba gurbi da gurbi. In gurbi biyun sun yi daidai, sifili da sifili ko ɗaya da ɗaya, amsa 0. In sun sha bamban, amsa 1. Shi ke nan ƙa'idar. Irin "ko" ɗin nan ce da muke yi in za ka Yaba daga Agege: ko danfo ko jirgin ƙasa, ɗaya za ka hau, ba ka hawa duka biyun lokaci guda.

Ni dai yadda na fi son in nuna ta shi ne da makunni. A gidan benen da nake haya akwai ƙwai guda a matakala mai makunni biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Babu wanda aka rubuta wa "kunna" ko "kashe". Duk wanda ka taɓa, sai ƙwan ya juya halin da yake ciki: in a kashe yake ya kama, in a kunne yake ya mutu. Ka taɓa sau biyu, kamar ba ka taɓa ba. Wannan wayarin da ɗan lantarki ya haɗa, XOR ce a jikin bango. Kuma ba kamanceceniya ce ta banza ba: a 1937 Claude Shannon, yana ɗalibi a jami'ar MIT a Amurka, ya nuna cewa lissafin gaskiya da ƙarya da George Boole na Ingila ya wallafa a 1854 ana iya aiwatar da shi da makunnan lantarki. Kwamfutar da ke gabanka a kan wannan tunani aka gina ta.

Yanzu koma ga ƙwayayenka huɗu, duk a kashe. Kowace lamba in ta shigo, sai ta taɓa makunnan guraben da take da 1. Mu ɗauki jerin nan: 4, 9, 6, 4, 6.

Farko duk a kashe, 0000. Lamba 4 ta shigo ta taɓa ƙwan 4, ya zama 0100. Lamba 9 ta taɓa 8 da 1, ya zama 1101, wato 13. Lamba 6 ta taɓa 4 da 2. Ƙwan 4 da ma a kunne yake sai ya mutu, ƙwan 2 ya kama, ya zama 1011, wato 11. Lamba 4 ta dawo ta sake taɓa ƙwan 4, ya zama 1111, wato 15. Lamba 6 ta dawo ta taɓa 4 da 2, duka suka mutu, saura 1001. Tara ke nan.

Dubi lambobin da suka bayyana a tsakiya: 13, 11, 15. Babu ko ɗaya a jerinmu, kuma ba su da ma'ana su kaɗai. Nan ne mutane da yawa ke rikicewa in suka buga sakamakon kowane mataki, su ɗauka sun yi kuskure. Ba ka yi ba. Ƙwan 4 an taɓa shi sau huɗu, biyu daga 4 biyu daga 6, ya koma yadda yake. Ƙwan 2 sau biyu, ya koma. Ƙwan 8 da ƙwan 1 sau ɗaya-ɗaya, suka zauna a kunne. Shi ƙwai bai damu da wa ya fara taɓa shi ba, bai kuma riƙe sau nawa aka taɓa shi ba. Abu guda ya riƙe: taɓawar shafa'i ce ko wutiri. In cika ce ya mutu, in mara ce ya kama. Saboda haka ko ka hargitsa jerin yadda ka ga dama, tara za ta fito.

Ga shi a Python:

saura = 0
for lamba in jeri:
    saura = saura ^ lamba
print(saura)

Zagaye ɗaya, ma'aji ɗaya. Lambobi 100,000 aiki 100,000 ne. Kana iya warware tambayar ta hanyar jera lambobin daga ƙarama zuwa babba ka duba maƙwabta, ko ka buɗe ƙamus na Python ka riƙa ƙirga kowace lamba. Duk suna aiki. Na farko ya fi cin lokaci, na biyu yana cin ma'adana gwargwadon tsawon jerin. Fifikon XOR shi ne ba ta buƙatar ko ɗaya, kuma abin da mai intabiyu ke son ji daga bakinka ke nan.

Tambayar tana da ƙanwa da za ka iya haɗuwa da ita: an ba ka lambobi daga 1 zuwa wani adadi, guda ta ɓata, ka nemo ta. A nan babu lambar da ta zo sau biyu, to sai ka samar mata abokiya da kanka. Misali daga 1 zuwa 6, an ba ka 1, 2, 6, 3, 5. Ka yi XOR na cikakken jeri daga 1 zuwa 6, ka sami 7. Ka yi na wanda aka ba ka, ka sami 3. Haɗa su: 111 da 011, amsa 100, wato 4. Kowace lamba ta zo sau biyu, sau ɗaya a cikakken jeri sau ɗaya a naka, sai ɓatacciyar. Wani zai ce me ya hana a tara jimla a ɗebe? Babu, a Python ma ya fi sauƙin karantawa tunda lambobinta ba su da iyaka sai ta ma'adana. Amma a Java ko C, lamba mai bit 32 tana tsayawa a 2,147,483,647, kuma in ka yi amfani da dabarar ninka adadi da na gaba da shi ka raba biyu, ninkin zai haure wannan iyaka tun adadin yana 46,341. XOR ba ta ɗaukar komai zuwa gurbi na gaba yadda tarawa ke yi, don haka ba ta ambaliya.

Yanzu dalilin da na ce kada ka haddace. Na taɓa zama cikin masu yi wa matasa intabiyu a wani wurin aiki. Wani yaro mai hazaƙa ya rubuta layukan nan huɗu kafin in gama karanta tambayar. Sai na ce masa, to in kowace lamba sau uku ta zo fa, sai guda mai sau ɗaya? Ya ce hanyar dai ita ce. Na ba shi 5, 5, 5, 2. Biyar biyu sun kashe juna, ta ukun ta tsaya, ta haɗu da 2: 101 da 010, amsa 111, bakwai. Bakwai kuwa ba ta cikin jerin. Ya yi shiru yana kallon allo, ni kuma abin ya dame ni, domin na ga yana da kai, abin da ya rasa shi ne wanda zai zaunar da shi ya nuna masa ƙwayayen nan huɗu. Da ya san cewa shafa'i da wutiri kawai ƙwan ke riƙewa, da nan take ya ga cewa uku wutiri ce kamar ɗaya, kuma ya gane cewa sai dai a ƙirga ɗaya-ɗayan da ke kowane gurbi a raba da uku a duba saura. Duk ƙarfin dabarar nan yana cikin alƙawarin da tambayar ta yi maka, cewa kowace lamba sau biyu ta zo. Ran intabiyu, kafin ka taɓa madannai, ka maimaita alƙawarin nan da bakinka, ka tambaya ko haka ne ba togiya. Allah ya ba da sa'a, ka rubuto mana yadda aka yi.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni nake riƙe wa kawuna lissafi a kasuwar Mile 12. Ana loda mana kwandunan tumatir daga Kano, kowane kwando da lambarsa, ana turo mini jerin ta WhatsApp, ni kuma in rubuta lambobin da aka sauke a nan. Na haɗa jeri biyun na yi XOR yadda na koya, sau biyu yana nuna mini kwandon da ya ɓata daidai. Makon jiya sai ya ba ni lambar da babu ita a lodin kwata-kwata. Mene ne ya lalace? Daga wani matashi a Mile 12.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, domin ka ɗauki abin da ake koya don jarabawa ka kai shi inda ake sauke kaya. Babu abin da ya lalace a manhajarka. Mafi kusa shi ne kwando fiye da ɗaya ne bai iso ba, ko kuma an rubuta wata lamba ba daidai ba a ɗaya daga cikin jerin biyu.

Bari mu ƙaddara an loda 7, 12, 3, 10, 5, aka sauke 5, 3, 7. Bakwai ta tafi da bakwai, uku da uku, biyar da biyar. Saura 12 da 10, kuma ba yadda za a yi ma'aji guda ya riƙe su daban-daban, sai ya cakuɗa su: 1100 da 1010, amsa 0110, shida. Ka je ka ce wa direba ina kwando mai lamba 6, alhali ba a taɓa loda shi ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma shi nake so ka riƙe. A ce kwando 1 da 2 da 3 ne suka ɓata tare. Ɗaya da biyu sun ba da 11, wato uku, uku da uku kuma sifili. Manhajarka za ta ce maka komai ya iso lafiya, alhali kwando uku sun salwanta. Ba za ta yi ƙorafi ba, ba za ta nuna jan rubutu ba. Kawunka zai biya kuɗin mota cikakke bisa amsar da ba gaskiya ba, ko kuma, a wani lodin, a zargi bawan Allah da kwandon da bai taɓa gani ba. Wannan hakki ne, kuma shi ya sa ba na ɗaukar maganar da wasa.

In ka tabbata biyu ne tak suka ɓata, akwai mafita, kuma tana da kyau ƙwarai. Wannan shidan da ta fito ba shara ba ce. Duk gurbin da ke da 1 a cikinta, gurbi ne da lambobin biyu suka sha bamban: ɗaya tana da 1 a wurin, ɗayar tana da 0. To zaɓi gurbi guda daga ciki, a ce gurbin 2, ka raba dukkan lambobin gida biyu da shi. Masu ƙwan 2 a kunne su ne 7, 3, 10, da kuma 3 da 7 na jerin sauka. Marasa shi su ne 12, 5, da 5. Lura da abu biyu. Kowace lamba tana faɗawa gida ɗaya da abokiyarta, tunda iri ɗaya ne. Ɓatattun biyu kuwa dole su rabu, tunda a kan bambancinsu aka yi rabon. Kowane gida ya koma tambayar warin takalmi. Gidan farko ya ba da 10, na biyu ya ba da 12. Ga shi a Python, inda duka yake nufin jeri biyun a haɗe, a ^= lamba kuma gajeren rubutun a = a ^ lamba ne:

gauraye = 0
for lamba in duka:
    gauraye ^= lamba
gurbi = gauraye & -gauraye
a = 0
b = 0
for lamba in duka:
    if lamba & gurbi:
        a ^= lamba
    else:
        b ^= lamba

Layin da ke da alamar & da ɗebewa yana ciro maka 1 na ƙarshe ta hannun dama ne kawai; ga shida, yana ba da 2. Yana aiki saboda yadda kwamfuta ke rubuta lambar da ke ƙasa da sifili: ta juya dukkan guraben, ta ƙara ɗaya.

Na nuna maka wannan don ka sani, amma shawarata ita ce kada ka yi amfani da shi a kasuwa. A intabiyu an yi maka alƙawarin adadin da ya ɓata. A hanyar Kano zuwa Legas babu mai yi maka wannan alƙawari: kwando na iya fashewa, ana iya sauke wani a hanya, wanda ya rubuto jerin yana iya maimaita lamba saboda gaggawa. Kuma kwandunanka ɗaruruwa ne, ba miliyoyi ba, ko wayar da ke aljihunka ba za ta ji nauyinsu ba. Yi wannan da set na Python, wanda ke riƙe kowace lamba sau ɗaya tak:

ba_su_iso_ba = set(lodi) - set(sauka)
baƙi = set(sauka) - set(lodi)

Layin farko zai jero maka duk waɗanda aka loda ba su iso ba, komai yawansu. Na biyu zai nuna lambobin da aka sauke alhali ba sa cikin lodi, wanda yawanci alamar kuskuren rubutu ce. Ka kuma gwada tsawon kowane jeri da tsawonsa bayan an mai da shi set. In sun bambanta, an maimaita wata lamba. Wannan ko kawunka ka karanta wa sakamakon zai gane, ya ɗauki waya ya kira Kano da lambobi a hannu. Ka gaishe min da shi, Allah ya ƙara buɗi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗaliba ce, muna zaune a Idi-Araba. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Na rubuta 2 ^ 3 a Python ina jiran 8, sai ya ba ni 1. Sannan na gwada dabarar XOR a JavaScript don gano lambar wayar da ta zo sau ɗaya a cikin jeri, sai ya ba ni wata lamba da ba ta yi kama da lambar waya ba. Daga ƙanwarka.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na farko kusan duk wanda ya saba da Excel ya faɗa masa, domin a can alamar ^ ninki take nufi, biyu sau biyu sau biyu. A Python, C, Java da JavaScript kuwa XOR ce. Biyu ita ce 10, uku ita ce 11, suka bambanta a gurbin ƙarshe kawai, amsa 01. In ninkin kike so a Python, rubuta 2 ** 3.

Na biyun ya fi ɓoyuwa. JavaScript, duk lokacin da kika sa ^ ko & tsakanin lambobi na yau da kullum, tana fara matse su zuwa bit 32, ta yar da abin da ya haura. Mafi girman abin da zai shiga lafiya shi ne 2,147,483,647. Lambar wayar Najeriya tana da alƙaluma 11. In sifilin farko ya faɗi, saura 10 masu farawa da 7 ko 8 ko 9, wato biliyan 7 zuwa sama. An datse mata kai tun kafin a fara lissafi. Lambobin da suka zo sau biyu sun kashe juna kamar kullum, amma wadda ta rage guntunta ne ya fito. Mai da kowace lamba BigInt, wato irin lambar JavaScript da ba a matse ta zuwa bit 32, ki fara ma'ajinki da 0n maimakon 0, za ki sami amsa cikakkiya, sai ki mayar da sifilin farko da kanki. A aikin gaske kuma ki adana lambar waya a matsayin rubutu, tunda ba tarawa ko ɗebewa ake yi da ita ba.

Tunda kina yawo tsakanin harsuna, ga ƙari guda: a C da JavaScript, alamar == ta kwatantawa tana riga & da ^ aiki. In kina gwada ko wani gurbi a kunne yake, kewaye lissafin gurbin da baka biyu ( ) kafin ki kwatanta shi da sifili.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Shekarata goma sha biyar ina gyaran kwamfuta a Computer Village, Ikeja. Yarona na shago ya dame ni da maganar XOR ɗin nan. Shin tana da wani amfani a aikinmu, ko wasan 'yan makaranta ce? Daga Alhaji a Ikeja.

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, ai ta sha wucewa ta hannunka. In an taɓa kawo maka babbar na'urar ofis mai faifan ajiya uku ko huɗu a jere, aka ce ɗaya ya mutu amma bayanai suna nan, to tsarin RAID ne, kuma in mataki na 5 ne, XOR ce ta riƙe bayanan. Sunan RAID ya fito ne daga wata takardar bincike ta 1988 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley.

Ga yadda yake, da ƙananan lambobi. Faifai na ɗaya yana riƙe da 9, wato 1001. Na biyu yana riƙe da 6, wato 0110. A na uku sai a ajiye XOR ɗinsu, 1111, sha biyar. Ran da na biyu ya mutu, sai na'urar ta haɗa abin da ya rage: 1001 da 1111, amsa 0110. Shida ta dawo. Da na ɗaya ne ya mutu, 0110 da 1111 za su dawo da tara. Dalilin shi ne wanda na ba ƙaninmu na Agege: tara tana cikin sha biyar ɗin nan a cakuɗe, da ta sake haɗuwa da kanta sai ta fita ta bar shida. A RAID 5 ba faifai guda ake ware wa wannan lissafin kariya ba, ana rarraba shi ne a kan dukkansu, kuma ko faifan biyar ne ko shida, girman faifai ɗaya kawai kariyar ke ci. Haka nan masu ɓoye saƙo sun daɗe da ita: Gilbert Vernam, injiniya a Amurka, ya ƙirƙiro a 1917 hanyar cakuɗa saƙon telegiraf da mabuɗi ta wannan lissafi, mai karɓa ya sake cakuɗawa da mabuɗin, saƙo ya fito.

Abin da ya shafi shagonka kai tsaye shi ne iyakar abin. RAID 5 faifai ɗaya take iya ramawa. In biyu suka mutu, ka koma halin ɗan'uwanmu na Mile 12 da kwandonsa mai lamba 6: abin da ya rage cakuɗe ne, kuma a nan babu dabarar raba gida biyu da za ta cece ka. Saboda haka in aka kawo maka irin na'urar nan da jar fitila a faifai ɗaya, ka gaya wa mai ita cewa yanzu ba shi da sauran kariya ko kaɗan. A fara kwafe muhimman bayanai zuwa wani wuri dabam kafin a sa sabon faifai, domin sake ginin yana tilasta wa tsofaffin faifan karanta duk abin da ke cikinsu daga farko har ƙarshe, kuma faifan da aka saya rana ɗaya suka yi aiki tare shekara da shekaru, ba abin mamaki ba ne na biyu ya bi na farko a tsakiyar aikin. Ka sa wa kowane faifai lamba da alƙalamin maka kafin ka zare shi, don ya koma raminsa. Kada kuma a fara sake ginin sai na'urar tana kan batirin UPS mai rai da janareta a kusa, saboda aikin yana iya ɗaukar sa'o'i da yawa, wutarmu kuwa ka san halinta.

Shi kuma yaron naka, Alhaji, ka bar shi ya ci gaba da damun ka. Ka ba shi takarda ya zana faifai uku, ka rufe ɗaya da hannunka, ya fito maka da abin da ke ƙarƙashi. In Allah ya kai mu Asabar ina da sayayya a layin Otigba, zan so in ga abin da ya zana.